Wendell Scott, Direban da Aka Hana wa Kofinsa

A wannan wata mun kawo wa masu karatu labarin wani direba baƙar fata na ƙasar Amurka, sunansa Wendell Scott. Ya rasu tun 1990, amma har yanzu ana tunawa da shi a ƙasarsu, domin shi ne baƙin mutum na fari da ya ci babban tseren motoci na can. Ranar da ya ci kuwa, wani dabam aka miƙa wa kofin. Muna roƙon 'yan'uwa direbobi da makanikai da yaran mota na ekklisiyoyin Dutsin-Ma da Kurfi su karanta labarin nan da natsuwa, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, gama akwai abin koyo a cikinsa ga mai riƙe da sitiyari, akwai kuma ga mai riƙe da alƙalami.

Irin tseren da mu ke magana

Mutanen ƙasar Katsina ba baƙin tsere ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo, sunan Katsina ya fita wajen sukuwa da ƙwallon doki. Kowa ya san yadda a ke jera dawaki, a ba da alama, su zabura su kewaye fili, wanda ya riga isowa ya ɗauki kofi. To, haka tseren motocin nan ya ke, sai dai mota ce maimakon doki.

Filin kewayayye ne mai siffar ƙwai, an yi masa shinge, 'yan kallo suna zaune a bayan shingen. Wani filin na ƙasa ne, wani an shimfiɗa masa kwalta. A zamanin Scott motocin asalinsu irin waɗanda kowa ke saye ne ya hau da iyalinsa, su Ford da Chevrolet. A kan cire kujerun baya, a ƙara wa injin ƙarfi, a kafa ƙarafa a ciki domin su tsare direba in mota ta kife, a rubuta babbar lamba a ƙofa. Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaukar kaya. A lokacin akwai malamai zaune da takarda suna ƙidaya zagayen kowace mota. Akwai kuma mai tuta. Idan na gaba ya cika zagayen da aka yanka, sai mai tuta ya kaɗa masa wata tuta mai gidajen dara, baƙi da fari, alamar shi ya ci. Mai karatu ya riƙe zancen malaman nan da mai tutan nan, za mu komo kansu.

Asalin wasan ba abin yabo ba ne ƙwarai. A kudancin Amurka akwai masu dafa barasa a ɓoye cikin daji domin kada su biya haraji. Su kan nemi samari masu motoci masu gudu su kai musu ita gari da dare, su tsere wa 'yan sanda. Da yawa cikin direbobin farko daga nan suka koyi gudu. A watan Disamba 1947 wani mutum mai suna Bill France ya tara masu sha'anin tsere a garin Daytona, suka shirya dokoki, a 1948 aka kafa ƙungiyar da a ke kira NASCAR. Ita ke ba direbobi lasin shiga tsere, ita ke ajiye lissafin maki, ita ke raba kuɗi.

Ƙuruciyarsa

An haifi Wendell Scott ran 29 ga Agusta 1921 a garin Danville, cikin jihar Birjiniya. A lokacin garin na masaƙar auduga ne da kasuwar taba. Kakannin baƙaƙen fatar ƙasar bayi ne da aka kwasa daga Afirka. An hana bauta a can a 1865, amma aka kafa dokokin rarrabewa a madadinta: makarantar farare dabam, ta baƙaƙe dabam, haka gidan abinci, haka wurin zama a motar haya, har famfon shan ruwa. Abin baƙin ciki, yawancin ekklisiyoyin kudancin ƙasar su ma a rabe su ke a lokacin nan, ko da ya ke Littafi ɗaya a ke karantawa a cikinsu duka.

Uban Wendell direba ne, makaniki kuma, yana yi wa waɗansu gidajen Turawa masu arziki aiki. A wurinsa yaron ya koyi kwance injin da ɗaurawa. Tun yana ƙarami ya ƙudura a ransa ba zai ƙare kwanakinsa a masaƙa ba. Bai gama makaranta ba ya fita ya kama tuƙin tasi. Da yaƙin Hitila ya zo aka ɗauke shi soja, aka kai shi Turai, aikinsa gyaran motocin yaƙi cikin rundunar baƙaƙe, gama har soja a rabe su ke. A shekarun yaƙin nan ya yi aure. Da aka sallame shi ya komo Danville ya buɗe garejinsa.

Ba za mu ɓoye laifinsa ba. Kuɗin gareji bai ishe shi ba, sai ya shiga jigilar barasar nan ta ɓoye da dare. Ya san hanyoyin ƙauye kamar tafin hannunsa, motarsa kuwa shi ya gyara ta da kansa, 'yan sanda suka yi ta binsa ba su cim masa ba. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 1949 suka kama shi, alƙali ya yi masa ɗaurin talala na shekara 3. Barasar da ya ɗauka ta shiga gidajen mutane, ta yi abin da barasa ta saba yi a gida. Gwanintar da Allah ya ba shi, a kan mummunar hanya ya fara kashe ta.

Yadda ya shiga tsere

Ya kan je filin tsere na Danville ya zauna a wajen da aka ware wa baƙaƙe, yana kallo, yana gani a ransa ya fi da yawa cikin direbobin nan iya tuƙi. A 1952 masu shirya tsere na wata ƙaramar ƙungiya suka ga 'yan kallo sun ragu. Suka yi shawara su sa baƙin direba ɗaya, ko mutane za su zo kallon abin mamaki. Suka tambayi 'yan sandan garin wane baƙin mutum ne ya fi gudu da mota. 'Yan sanda ba su yi dogon tunani ba, suka ba da sunan wanda ya daɗe yana ba su wahala. Ta haka Wendell Scott ya shiga tserensa na fari, a watan Mayu 1952, da wata tsohuwar Ford. Don a yi kallonsa aka kira shi, shi kuwa ya ɗauki abin sana'a. Kafin mako biyu ya cika ya ci tsere a garin Lynchburg.

Ya so ya shiga NASCAR, inda manyan direbobi su ke. Ya ja motarsa zuwa Winston-Salem, aka ce ba a karɓar baƙar fata. Ya je High Point, aka faɗa masa haka nan. Ya koma ƙananan filaye yana tsere, wani makon har sau biyar. Waɗansu 'yan kallo suna zaginsa, waɗansu direbobi suna bankarsa da gangan domin su jefa shi shinge. Bai daina ba. Wajen 1953 ya je wani ƙaramin fili a Richmond, ya roƙi wakilin NASCAR na wurin ya sayar masa da lasin. Mutumin ya gargaɗe shi a kan wahalar da zai sha, sa'an nan ya rubuta masa. Manyansa ba su ji daɗi ba, amma aikin gama ya gama.

A 1954 ya je tsere a Raleigh, ruwan sama ya hana wasa. Mai filin ya ba kowane direba Bature dala 15 kuɗin man komawa gida, ya tsallake Scott. Kashegari Scott ya sadu da Bill France ya gaya masa. France ya ciro dala 30 daga aljihunsa ya ba shi, ya yi masa alkawari ƙungiyar ba za ta nuna masa bambanci saboda launin fatarsa ba. Scott ya riƙe alkawarin nan a zuciyarsa. Za mu ga yadda aka cika shi.

Cikin shekarun nan ya ci tsere fiye da 100 a ƙananan filaye. A 1959 ya zama zakaran jihar Birjiniya duka a ajinsa. Waɗansu da suka fara da zaginsa suka koma yi masa tafi.

A cikin manya

Ran 4 ga Maris 1961, a garin Spartanburg, ya shiga aji mafi girma, inda gwanayen ƙasa duka ke karawa. A lokacin yana gab da shekara 40. A nan ne ya ga bambancin mai shi da marar shi. Manyan kamfanonin motoci suna ba waɗansu direbobi sababbin motoci da injuna, da ma'aikata masu albashi. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyin Scott. Ya kan sayi motar da wani ya gama da ita, ya kwance ta a bayan gidansa, ya nemo kayan gyara daga jikin matattun motoci. Tayoyin da waɗansu suka cire suka yar, su ya kan ɗaura. Lambar motarsa 34.

Ma'aikatansa su ne 'ya'yansa maza da 'yan abokai kaɗan. A tsakiyar tsere dole mota ta ratse gefe ta sha mai, a sake mata taya. Sauran direbobi su kan zauna a ciki, mutanensu su gama aikin nan da nan. Scott kuwa sau da yawa ya kan fito da kansa ya kama jak da sifana, ya gama, ya koma ya ɗaura ɗamara ya bi sawunsu. Bayan tsere ya ɗora motar ya ja ta dukan dare zuwa gida ko zuwa fili na gaba. A hanya akwai masaukai da gidajen abinci da yawa da ba su karɓar baƙar fata, saboda haka su kan tafi da guzurinsu, su kwana cikin mota.

A shekararsa ta fari ya fi dukan sababbin shiga maki, amma kyautar gwanin sababbi wani Bature aka ba, wanda bai kai shi maki ba. A watan Yuli 1962, a Savannah, ya fi kowa sauri a gwajin da a kan yi kafin tsere, ya sami wurin tashi na gaba duka. Babban filin Darlington ya yi ta mayar masa da takardarsa ta neman shiga, sai bayan da gwamnatin Amurka ta yi dokar hana wariya a 1964 ya sami taka shi. An taɓa yanka masa tayoyi a ɓoye. Shi da kansa ya ba da labarin wani direba da ya dame shi da banka, har wata rana ya nuna masa bindiga ta tagar mota, daga ranar mutumin ya rabu da shi. Ba mu yaba wannan ba, gama da yatsa ya motsa da labarin ya ƙare a kurkuku ko a kabari. Amma ya nuna mana iyakar inda zalunci ke tura mutum. A yawancin kwanakinsa dai haƙuri ya yi, domin ya san idan ya rama sau ɗaya a gaban taro, an sami dalilin korarsa ke nan har abada.

Ba dukan Turawa suka ƙi shi ba. Ned Jarrett da Richard Petty, manyan zakaru biyu na zamanin, sun taimake shi da kayan gyara da tayoyi. Allah ba ya rasa masu kirki a kowace kabila.

Ranar Jacksonville

Shekarar 1963 shekarar tashin hankali ce a Amurka. Ran 10 ga Yuni, a Danville garin Scott, 'yan sanda suka far wa baƙaƙen da suka fito neman 'yanci da kulake da ruwan mesa, mutane da yawa suka ji rauni. Ran 22 ga Nuwamba aka harbe shugaban ƙasa Kennedy. Kwana 9 bayan wannan, ran 1 ga Disamba, aka yi tsere a Jacksonville ta jihar Fulorida.

Filin na ƙasa ne, kewayensa rabin mil, za a zaga shi sau 200, watau mil 100. Wannan ya fi a tashi daga Dutsin-Ma a bi ta Kurfi a je Katsina a komo. Scott ya zo da wata Chevrolet da ya saya a hannun Ned Jarrett. Da aka jima ana gudu sai filin ya farfashe, ya zama ramuka da kunyoyi kamar hanyar ƙauye bayan damina. Motoci masu tsada suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa ita ce irin hanyar da Scott ya girma a kanta, ya san inda zai taka da inda zai kauce. Richard Petty ne ke gaba, sai sitiyarinsa ya sami lahani. Saura zagaye 25 Scott ya wuce shi, ya zama na gaba.

Ya cika zagaye 200, ya dubi mai tuta, mai tuta bai motsa ba. Ya sake zagayowa, shiru. Ya yi na 202. Sa'an nan aka kaɗa tutar, amma ga wani direba mai suna Buck Baker, wanda ke bayansa da zagaye biyu. Aka kai Baker gaban taro, aka yi masa tafi, aka ɗauki hotonsa, ya tafi da kofi.

Scott ya je wurin shugabannin wasa ya ce a sake duba takardun ƙidaya. Aka shiga dubawa. Bayan wajen sa'a biyu, 'yan kallo sun watse, fili ya zama kango, aka fito aka gaya masa gaskiyarsa ce, shi ya ci. Aka ba shi kuɗin na ɗaya, dala 1,000. Kofi kuwa ya riga ya tafi. Ƙungiyar ta ce kuskuren lissafi ne. Scott da mutane da yawa sun gaskata dalilin dabam ne. Al'adar wasan ita ce a zaɓi wata budurwa Baturiya ta miƙa kofi, ta sumbaci wanda ya ci a gaban jama'a, masu filin kuwa ba su so a ga haka da baƙin mutum ba. Ko wanne ne dalilin, mutumin ya yi gudunsa a idon duniya, aka ba shi nasararsa a ɓoye. Ya karɓi kuɗin ya koma gida ya biya basusuka.

Sauran shekarunsa

Mai karatu zai zaci daga nan ya yi fushi ya bar wasan. Bai bari ba, ya ƙara shekara 10. A 1966 ya zo na 6 cikin dukan direbobin ƙasa a lissafin maki na shekara, da tsofaffin motocinsa. Shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, bai fita daga cikin goma na gaba ba. Shekarar da ya fi samu ita ce 1969, dala 47,451, amma kusan duka injin da taya da mai suka cinye. Bai sake cin babban tsere ba.

Burinsa ɗaya ne, ya hau mota mai kyau ko sau ɗaya, a ga iyakar abin da zai iya. A 1973 ya jinginar da gidansa, ya ci bashi, ya sayi wata Mercury, motar da ta fi duk waɗanda ya taɓa mallaka. Ran 6 ga Mayu ya kai ta Talladega ta jihar Alabama, fili mai kewayen fiye da mil biyu da rabi, inda a ke gudu mafi tsanani. Motoci 60 suka tashi. Ba a yi nisa ba injin wata mota ya fashe, mai ya malale a kan kwalta, ƙura da hayaƙi suka rufe hanya, motoci wajen 20 suka afka wa juna. Scott yana cikinsu. Ya karye a ƙugu da haƙarƙari, ya ji waɗansu raunuka, sabuwar motar ta zama tarkace. Ya yi shekaru yana biyan bashin motar da bai yi ko rabin sa'a yana tsere da ita ba.

Da ya ji sauƙi ya sake shiga tsere ɗaya a Charlotte a watan Oktoba, ya zo na 12, daga nan ya ajiye. Jimlar manyan tseren da ya shiga 495 ne, a 147 daga ciki ya ƙare cikin goma na gaba. Ya koma garejinsa a Danville yana gyaran motocin mutane. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa, amma bai zama mai arziki ba. Ciwon daji ya kama shi a ƙashin baya, ya rasu ran 23 ga Disamba 1990, yana da shekara 69. Bai taɓa riƙe kofin Jacksonville a hannunsa ba.

Bayan mutuwarsa aka fara tuna gaskiya. Aka sa wa titin gidansa sunansa. A watan Janairu 2015 NASCAR ta shigar da shi zauren tunawa da gwanayenta, shi ne baƙin mutum na fari a ciki. Ran 28 ga Agusta 2021, saura kwana ɗaya ya cika shekara 100 da haihuwa, ƙungiyar ta kira iyalinsa a Daytona ta miƙa musu kofin tseren 1963 a gaban jama'a. Kusan shekara 58 ke nan da ranar tseren. A watan Oktoba 2021 wani saurayi mai suna Bubba Wallace ya zama baƙin mutum na biyu da ya ci babban tsere, a Talladega kuwa, filin da ya karya Scott.

Abin da za mu koya

Da fari, kalma ga direbobinmu. Kada wani ya karanta labarin nan ya ce zai gwada gudu tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Scott ya yi gudunsa a fili mai shinge, shi kaɗai cikin mota, da hular ƙarfe da ɗamara, duk da haka ya karye. Kai kuwa rayukan mutane ka ɗauko, mata da goyo da tsofaffi, ga shanu da yara a bakin hanya. Abin da za ka koya a wurinsa shi ne sanin injinka, da gyara abin da ke hannunka, da aiki mai kyau ko da kayan aikin tsofaffi ne. Ka ga kuma yadda gwaninta ɗaya ta yi aiki biyu: da dare ta ɗauki barasa ta kai shi gaban alƙali, da rana ta ciyad da iyalinsa ta ba shi suna. Baiwa daga Allah ta ke, amma mai ita za a tambaya inda ya kai ta.

Na biyu, kalma ga masu riƙe da alƙalami da tuta. Mutanen da suka hana Scott kofinsa ba 'yan fashi ba ne, ma'aikata ne da suka ji tsoron abin da taro zai ce. A wurinmu ba zancen fari da baƙi ba ne, amma muna da namu ma'aunan: ɗan gari da baƙo, ɗan birni da ɗan ƙauye, ɗan masu sarauta da ɗan maƙera, wanda kakansa ya ba da gaskiya da wanda ya tuba bara. Sa'ad da a ke zaɓen dattawan ekklisiya, ko a ke ba yara sakamakon jarrabawa, ko a ke raba aiki a tasha, wa mu ke kaɗa wa tuta? Wanda ya cika zagayensa, ko wanda mu ke so a gani a gaba? Yaƙub ya tsauta wa masu bi a kan wannan cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda ya nuna zunubi ne a girmama mai kyawawan tufafi a cikin sujada a ƙasƙantar da matalauci. Idan kuwa mun riga mun yi wa wani haka, kada mu jira shekara 58. Kofin da aka kai wa 'ya'ya da jikoki ya share musu hawaye, amma mai shi yana kabari. A gyara tun mutum yana da rai, a gyara kuma a gaban waɗanda aka ƙware shi a gabansu.

Na uku, kalma ga wanda aka ƙware. Wataƙila kai ne ka yi noma wani ya kwashe, ko ka yi shekaru kana hidima a ekklisiya ba wanda ya ambaci sunanka, ko an hana ka abin da ya cancance ka saboda sunan Yesu Kristi da ka ke ɗauke da shi. Scott bai yi shiru ba, ya je ya nemi a sake ƙidaya, wannan kuwa daidai ne. Neman gaskiya da ladabi ba rashin haƙuri ba ne. Amma da aka ba shi rabi aka hana shi rabi, bai bar ɗacin ya kashe masa aiki ba. Kusa da birnin Korinti a kan yi manyan wasannin tsere a zamanin manzanni, wanda ya ci a naɗa masa rawanin ganye. Bulus ya ɗauki misali daga nan cikin sura ta 9 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga masu bi na birnin, ya tuna musu ganyen nan bushewa ya ke yi, amma ladan da Ubangiji ya ajiye wa nasa ba ya bushewa. Malaman duniya su kan yi kuskure a ƙidaya, wani lokaci su kan yi da gangan. Akwai Mai ƙidaya wanda ba ya kuskure, ba ya tsoron taro, ba ya duban fata ko asali. Zagayen da ka yi a ɓoye, da wanda ka yi bayan an hana ka tuta, duka suna rubuce a wurinsa.

Sai dai mu lura, tseren da ya ke ƙidayawa ba na wanda ya fi ɗan'uwansa sauri ba ne. A filin Jacksonville mutum ɗaya kaɗai zai ci. A tseren bangaskiya kuwa, duk wanda ya shiga ta wurin Yesu Kristi, ya jure har ƙarshe, za a karɓe shi a sarari, a gaban kowa, ba bayan taro ya watse ba. Ɗan'uwa, ka shiga tseren nan? In ka shiga, Ubangiji ya ba ka ƙarfin gama shi. Amin.